Wi-Fi Na Bogi Mai Ɗauke Da Sunan Wanda Ka Sani: Yadda Za Ka Kare Wayarka Da Asusunka

Sunan da kake gani a jerin Wi-Fi na wayarka rubutu ne kawai, kuma mai na'urar ne ya zaɓe shi. Babu hukumar da ke yi wa sunan rajista, babu mai bincika ko wanda ya sa shi yana da haƙƙin sa shi. Duk mai waya a aljihu zai iya shiga wurin raba data, ya goge sunan da wayar ta zo da shi, ya rubuta sunan otal ɗin da ka sauka, ko na filin jirgin sama, ko na makarantarku. Wayarka za ta jera maka shi tare da na gaskiya, ko harafi ɗaya bai bambanta ba. Kamar motar 'yan wan-cans ce a Abuja: fentin tasi a jikinta, unguwarku direba yake kira, har da fasinjoji zaune a ciki, ba za ka gane ba sai ƙofa ta rufe.

An kama mutane da wannan aika-aika. A watan Afrilun 2024 ma'aikatan wani kamfanin jirgin sama a Ostareliya suka lura da wani Wi-Fi da ba su yarda da shi ba a cikin jirgi, ana tsakiyar tafiya. Da 'yan sandan tarayyar ƙasar suka binciki kayan wani fasinja a filin jirgin Perth, sai suka sami ƙaramar na'urar watsa Wi-Fi da laftof da waya. Bincike ya nuna ya kafa irin wannan tarko a filayen jirgin Perth da Melbourne da Adelaide. Duk wanda ya haɗa wayarsa, sai shafi ya buɗe yana cewa ya shiga da imel ɗinsa ko asusunsa na sada zumunta kafin a ba shi intanet kyauta. Da kalmomin sirrin da ya tara ya riƙa kutsawa cikin asusun mata yana kwashe hotunansu na sirri. A watan Nuwamban 2025 kotu ta ɗaure shi shekara 7 da wata 4.

Ka lura da yadda ya sami abin da ya samu. Bai fasa wayar kowa ba. Mutane ne suka rubuta masa kalmomin sirrinsu da yatsunsu.

Abin da ɗan damfara ke samu, da wanda ba ya samu

Ana yawan tsorata mutane cewa da zarar ka hau Wi-Fi na bogi shi ke nan, mai shi yana karanta duk saƙonninka yana kallon kuɗin da ke asusunka. Shekaru 15 da suka wuce akwai gaskiya mai yawa a maganar. Yau abin ya canza, domin mafi yawan shafukan intanet suna kulle bayanan da ke tsakaninsu da wayarka. Su ne waɗanda adireshinsu ke farawa da https. Manhajojin banki suna yin haka. WhatsApp ma tun Afrilun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Wanda ke tsakiya yana iya ganin ka ziyarci shafin banki kaza da ƙarfe kaza, amma abin da ka rubuta a ciki ba ya buɗe masa.

Ƙofofin da suka rage masa guda uku ne. Zai iya nuna maka shafin da ya ga dama a lokacin da kake ƙoƙarin haɗawa. Zai iya karkatar da kai zuwa shafin da ba shi ka nema ba, tun da na'urarsa ce ke faɗa wa wayarka inda kowane adireshi yake. Zai kuma iya lallaɓa ka ka saka wani abu a wayarka. Duk ukun suna buƙatar ka taimaka masa, don haka yawancin matakan da ke ƙasa a kan hannunka suke, kaɗan ne a kan na'ura.

Mataki na 1: Share tsofaffin Wi-Fi tun kana gida

Wayarka tana riƙe sunan duk Wi-Fi da ka taɓa hawa, kuma a shirye take ta sake hawansa da kanta duk inda ta ji shi. Idan ka taɓa amfani da wani buɗaɗɗen Wi-Fi, wato marar kalmar sirri, mai suna "Free WiFi" a wani gidan abinci a Kaduna, to duk buɗaɗɗen Wi-Fi mai wannan suna da ta tarar, a Legas ne ko a Jidda, hawa za ta yi tana cikin aljihunka. Sunan kawai take dubawa. Masu damfara sun san haka, shi ya sa suke zaɓen sunayen da aka fi yawan amfani da su. A 2016 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya yi gwaji a filin jirgin Barcelona daf da fara babban taron masu harkar waya: ya kafa Wi-Fi da sunaye irin su "Starbucks" da sunan Wi-Fi na filin jirgin, cikin awa 4 sama da mutum 2,000 suka hau. Wasunsu ma ƙwararru ne a harkar.

A wayar Android, shiga saiti, buɗe wurin Wi-Fi, nemi "Saved networks". Wurin yana ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da Samsung, amma yana nan. Bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ba na gidanka ko wurin aikinka ba ne, danna shi ka zaɓi "Forget". A iPhone, daga iOS 16 zuwa sama, shiga Wi-Fi ka danna "Edit" a sama, jerin zai fito ka share. Wanda kake ganin za ka sake buƙata, kamar na otal ɗin da kake yawan sauka, bar shi amma ka kashe masa hawa da kai, wato "Auto-connect" ko "Auto-Join". Wasu wayoyin Android suna da maɓallin da ke kunna Wi-Fi da kansa ko ya haɗa da buɗaɗɗun hanyoyi, kashe shi. In za ka fita kuma ba ka da niyyar amfani da Wi-Fi, kashe shi gaba ɗaya, batirinka ma zai fi daɗewa.

Mataki na 2: Ƙara wa asusunka kwaɗo na biyu

Wannan shi ne abin da zai cece ka ranar da ka yi sake. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail da Facebook da Instagram. A WhatsApp, shiga saiti, sai "Account", ka sa lambar sirri mai alƙaluma 6. In asusun yana ba da damar shiga da zanen yatsa ko fuska a madadin kalmar sirri, abin da Google da Apple ke kira passkey, karɓi wannan. Amfaninsa shi ne an ɗaure shi da ainihin adireshin shafin, ba zai yi aiki a shafin bogi ba ko da kai ka ruɗu.

Lambar da ake turowa ta tes tana taimakawa, sai dai ba ta kai wannan ƙarfi ba. Shafin bogi zai iya neman ka rubuta lambar bayan kalmar sirri, mai shi kuma ya yi amfani da ita nan take kafin ta mutu. Kuma kada ka yi amfani da kalmar sirri ɗaya a ko'ina. Wanda ya sami ta Facebook ɗinka, abu na farko da zai yi shi ne gwada ta a imel ɗinka, kuma daga imel ake canza sauran.

Mataki na 3: A wurin, ka fara tambayar kanka ko kana buƙatarsa

Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba wanda zai zargi mutum don ya ga Wi-Fi kyauta ya yi murna. Amma a raba aiki biyu. Kallon bidiyo, sauke karatu, sabunta manhajoji daga Play Store, duk waɗannan su ne masu cin data, kuma haɗarinsu kaɗan ne. Tura kuɗi da duba asusun banki ba sa cin komai. Yi su da datar layinka, ko ta USSD wanda ba ya bi ta intanet ɗin wurin ko kaɗan. Kada garin neman gira a rasa ido. Mai laftof ya raba data daga wayarsa ko ya riƙe MiFi ɗinsa, da kalmar sirri mai tsawo wadda shi kaɗai ya sani.

In dole sai ka hau, je wurin ma'aikacin otal ɗin ko na ofishin ka tambayi ainihin sunan, ya nuna maka a rubuce. Ka kuma tambaye shi abu na biyu wanda mutane ba sa tambaya: bayan na haɗa, me shafin zai nema a wurina? In ya ce lambar ɗaki da sunan ƙarshe, kai kuma ka ga ana neman Gmail, ka san ba nasu ba ne.

Duba jerin da kyau. Sunaye biyu iri ɗaya, ɗaya da alamar kwaɗo ɗaya babu, alama ce mai ƙarfi. Haka suna mai ƙarin kalma kamar "Free" ko "Guest 2", ko wanda aka sa sifili a gurbin harafin O. Ƙarfin sabis ba hujja ba ce. Na bogin yakan fi ƙarfi domin mai shi yana zaune kusa da kai, rauta ta gaskiya, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi ɗin wurin, kuma tana can saman bango. Tambayar suna ba ta kawar da haɗarin duka, tun da kwafin zai iya ɗaukar sunan daidai. Kalmar sirrin da aka manna a bangon risefshan ma ba kariya ba ce, domin duk wanda ya karanta ta zai iya kafa kwafi da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, wayarka ta karɓa ba musu.

Matafiya sun fi kowa faɗawa. Alhajin da ya sauka a masauki a Madina bai riga ya sayi layin Saudiyya ba, yana ɗokin ya ji muryar iyali, duk sunan da ya yi kama da na otal ɗin zai danna. In kana da dattijo mai shirin tafiya, ka zauna da shi ka yi masa matakai biyu na farko kafin ya tashi, ka kuma ja masa kunne a kan na gaba.

Mataki na 4: Shafin da ke buɗewa bayan ka haɗa

Nan ne ake yin ɓarnar, don haka a nan za ka fi nutsuwa.

Otal da filayen jirgi na gaskiya ma suna nuna irin wannan shafi, shi ya sa mutane suka saba da shi har ba sa karantawa. Na gaskiya abin da yake nema kaɗan ne: ka danna ka amince da sharuɗɗa, ko ka sa lambar ɗaki, ko lambar tikitin da aka ba ka a kanta, wani lokaci adireshin imel ko lambar waya. Adireshin imel daban, kalmar sirrin imel daban. Ba Wi-Fi ɗin da ke buƙatar kalmar sirrin imel ɗinka kafin ya ba ka intanet. Ƙa'idar da za ka riƙe ke nan: a wannan shafi ba a rubuta kalmar sirrin Gmail, Facebook, iCloud ko ta wurin aiki. Ba a rubuta lambar katin ATM, ko lambobi 3 na bayansa, ko lambar sirrinsa. Ba a rubuta BVN ko NIN. Ba a rubuta lambar da banki ko WhatsApp suka turo ta tes.

Akwai wuraren gaskiya da ke ba da zaɓin "shiga da Facebook". Ni a ganina ko da na gaskiya ne a bar shi, domin a cikin ƙaramar tagar da waya ke buɗewa ba kullum ake ganin cikakken adireshi ba, kuma kwaikwayon shafin Facebook ko Google aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya. Tambarin da launin da rubutun duk kwafa ake yi. In babu wani zaɓi sai wannan, haƙura ka kunna datarka.

Wata dabara mai sauƙi: in shafi ya nemi imel da kalmar sirri kana tantama, rubuta na ƙarya. In ya karɓa ya ce barka da zuwa, tattarawa kawai yake yi. In ya ƙi, wannan bai wanke shi ba, domin wasu an tsara su su ce "kuskure" a karon farko don ka sake rubutawa su tabbatar. Gwajin yana kama na bogi, ba ya tabbatar da na gaskiya.

In wayarka ta saba cike maka kalmar sirri da kanta a shafin Google, yau kuma ta ƙi, kada ka ɗauka matsalar waya ce ka rubuta da hannu. Ta ƙi ne saboda adireshin bai dace da wanda ta ajiye ba.

Mataki na 5: Gargaɗin burauza da abin da aka ce ka saka

Idan kana kan Wi-Fi na waje Chrome ya nuna maka shafi mai cewa "Your connection is not private" a shafin da ka saba buɗewa lafiya, kada ka danna "Advanced" ka wuce. Kowane shafi mai https yana miƙa wa wayarka takardar shaida, wato "certificate", da ke tabbatar da cewa shi ne. Ma'anar gargaɗin ita ce takardar da aka miƙo wa wayarka ba ta shafin ba ce. Wani lokaci agogon wayarka ne ya ɓaci, wani lokaci shafin shiga na otal ne ya tare hanya. Hanyar ganewa ɗaya ce: kashe Wi-Fi, buɗe shafin da datarka. In ya buɗe ba gargaɗi, matsalar daga Wi-Fi ɗin take.

Alamar kwaɗo a gefen adireshi kuwa ba ta nufin shafin na kirki ne. Abin da take nufi kawai shi ne hanyar a kulle take, kuma ɗan damfara ma yana samun takardar shaida kyauta ga adireshin da ya yi wa rajista. Saboda wannan ruɗani ne Chrome ya cire alamar a 2023. Karanta adireshin kansa, musamman abin da ke daf da .com ko .ng. A saitin tsaro na Chrome akwai "Always use secure connections". Kunna shi, zai gargaɗe ka kafin ya buɗe shafin da ba a kulle ba.

Duk Wi-Fi da ya ce sai ka sauke manhaja, ko ka sabunta burauza, ko ka saka takardar shaida ko furofayil, wato fayil ɗin da ke canza saitin waya, kafin ka ci gaba, fita daga kansa. Tun a 2012 hukumar FBI ta Amurka ta gargaɗi matafiya kan sabuntawar bogi da ke ɓullowa a intanet ɗin otal-otal, a 2014 kuma kamfanin Kaspersky ya fallasa gungun da ya kira DarkHotel, masu bin manyan jami'an kamfanoni ta wannan hanya a otal-otal na Asiya. Takardar shaida ce mafi muni a cikin abubuwan da ake cewa ka saka. In ka saka ta, ka ba mai ita damar buɗe bayanan burauzarka da https ya kulle ba tare da wani gargaɗi ya fito ba.

Batun VPN

VPN manhaja ce da ke bi da bayananka ta kulallen hanya zuwa kwamfutar kamfanin da ke da ita. Mai kyau yana rufe duk abin da ke fita daga wayarka, har mai Wi-Fi ɗin ba ya ganin shafukan da kake ziyarta kuma ba ya iya karkatar da kai. Amma sai bayan ka wuce shafin shiga yake fara aiki, don haka ba ya hana ka miƙa kalmar sirrinka a can. Na kyauta da ke cike Play Store kuma, yawancinsu ba ka san waye mai su ba. Ka ɗauke amanarka daga wani baƙo ka ba wani baƙon.

Idan na gidanka ko na ofis aka kwaikwaya

Akwai wani salo da ake yi wa rautar gida da ta shago. Tsohon tsarin Wi-Fi yana barin kowa ya aika saƙon "sauka" da sunan rautarka, wayoyin gidan su yi ta yankewa. Sai ga wani Wi-Fi mai sunan naka amma a buɗe. Ka gaji ka hau, shafi ya fito da tambarin kamfanin rautar yana cewa ana sabuntawa, ka rubuta kalmar sirrin Wi-Fi. Rauta ba ta neman kalmar sirrinta a shafin intanet. A saitin waya ake sa ta. In rautarka tana da tsarin tsaro na WPA3, wanda ya fito a 2018, kunna shi, domin yana tilasta kariyar da ke toshe wancan saƙon koran. In ba ta da shi, WPA2 da doguwar kalmar sirri, ka kuma duba ko akwai zaɓin PMF, wato sunan waccan kariyar, ka kunna.

Ɗalibai da ma'aikata masu hawa Wi-Fi da sunan mai amfani da kalmar sirrin makaranta ko ofis, irin eduroam na jami'o'i, su kula da wurin "CA certificate" a saitin Wi-Fi ɗin. Zaɓin "Do not validate" yana nufin wayar za ta miƙa shaidarka ga duk wanda ya ɗauki sunan, shi ya sa aka cire shi a wayoyi da yawa daga Android 11. Je sashen kwamfuta na makarantar su ba ka saitin da ya dace. Hukumomi ma ana bin su ta Wi-Fi: a Afrilun 2018 Holan ta kori wasu jami'an leƙen asirin sojin Rasha 4 da aka kama da na'urorin kutsen Wi-Fi a but ɗin mota, an lulluɓe eriya da kwat, a harabar otal ɗin da ke maƙwabtaka da hedikwatar hukumar hana makamai masu guba a birnin Hague.

Mai otal ko gidan abinci da ke ba baƙi Wi-Fi ya rubuta ainihin sunan a fili tare da abin da shafinsa ke nema, ya raba hanyar baƙi da wadda kwamfutar lissafi da POS ke kai, ya riƙa canza kalmar sirri, lokaci-lokaci kuma ya zaga da wayarsa ya duba ko wani suna mai kama da nasa ya ɓullo.

Idan ka riga ka rubuta

Jerin aikin yana da muhimmanci. Kashe Wi-Fi nan take, ka sa wayar ta manta da shi. Da datar layinka, fara canza kalmar sirrin imel, sannan sauran, har da duk inda ka maimaita wadda ka rubuta. A asusun Google shiga ɓangaren tsaro ka duba na'urorin da ke ciki, ka fitar da wadda ba ka sani ba. Duba lambar waya da imel ɗin farfaɗo da asusu ko an canza su, ka kuma duba saitin Gmail ko an sa a riƙa tura wasiƙunka wani adireshi, domin mai kutse yakan bar wannan a baya ko bayan an kore shi. A Facebook duba inda aka shiga da asusunka, a WhatsApp duba "Linked devices".

In bayanan kati ko lambar banki ka bayar, banki ne farko kafin komai. Toshe katin ta manhajar bankin, ko ta lambar USSD ta toshe asusu da bankinka ke da ita, ko ka kira lambar da ke bayan katin. Kada ka kira lambar da shafin ya nuna, kuma ka sa ran wani zai kira ka daga baya yana cewa daga banki yake zai taimaka. Katse kiran ka kira bankin da kanka. In ka saka manhaja ko takardar shaida, cire su; a Android takardun suna ƙarƙashin saitin tsaro a wurin "User credentials" ko "Trusted credentials", a iPhone kuma "VPN & Device Management". In ba ka natsu ba, kwashe hotunanka da lambobinka ka mayar da wayar sabuwa.

Ɗauki hoton sunan Wi-Fi ɗin da shafin in za ka iya, ka rubuta wuri da lokaci. Faɗa wa masu wurin don su gargaɗi sauran baƙi. A Najeriya kutse da satar bayanai ta wannan hanya laifi ne ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, kuma ana kai ƙorafi cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda da ke Abuja, ko hukumar EFCC in kuɗi sun fita. Tafi da hotunan da bayanin asusun da ke nuna lokacin da aka cire kuɗin da asusun da aka tura su.